Nilu a Khartum: Madatsai, Masana da Ciyawar da Ta Toshe Kogi

A Mugran, ɗan yamma da kasuwar Suk al-Arabi ta Khartum, Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, su bi ta gaban Omdurman su nufi Masar. Kowanne da halinsa. Farin yakan taso daga yankin tafkin Biktoriya, ya ratsa fadamun Sudan ta Kudu, ya iso a natse rani da damina. Shuɗin kuwa daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, kuma a Agusta da Satumba yakan zo jajawur da laka, da ƙarfin da yake tokare Farin har ruwansa ya ja da baya. A lokacin ne ruwa yake shiga dajin Sunut, kurmin bagaruwar da ke gefen birnin.

Wannan bambanci shi Turawan mulki suka yi amfani da shi. A 1925 aka kammala madatsar Sannar a kan Shuɗin Nilu domin shayar da gonakin audugar Jazira, inda Hausawa da Fulani masu yawa, waɗanda suka yada zango a hanyar Makka, suka zuba guminsu. A 1937 aka gama ta Jabal Auliya a kan Farin, kimanin kilomita 40 kudu da Khartum. A ƙasar Sudan take, amma don Masar aka gina ta: a tare ruwa da damina, a sako shi da rani. Sai a 1977 ta koma hannun Sudan. Yarjejeniyar 1959 ta ba Masar ruwa mita kubik biliyan 55.5 a shekara, Sudan 18.5. Habasha, wadda mafi yawan ruwan daga ƙasarta yake fitowa, ba a zauna da ita ba, kuma wannan kuskure ne da har yau ake fama da shi.

Duk wannan awon ruwa ne kawai. Masu bibiyar abin da ke raye a cikinsa su ne masanan sashen binciken halittun ruwa da aka kafa a 1953 a kwalejin da ta zama Jami'ar Khartum, irin su Julian Rzoska, mutumin Poland, da Jack Talling na Ingila. Sukan bi kogin da jirgi, su ɗebi ruwa a kwalabe, su tace shi da raga mai laushi, su ƙirga ƙananan halittun da ido ba ya gani. Sun gano cewa da zarar an rufe ƙofofin Jabal Auliya ruwa ya kwanta, sai waɗannan halittu, waɗanda ƙananan kifaye suke ci, su hayayyafa ninkin ba ninki. A Shuɗin Nilu kuwa lakar damina takan hana haske shiga, su kusan ɓacewa, sai ruwan ya washe su dawo. Ashe madatsa tana sauya har abincin kifin da ake kaiwa kasuwar Maurada ta Omdurman.

Wajen 1958 wata ciyawa 'yar asalin Kudancin Amurka, mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa, ta mamaye Farin Nilu. Mutanen Sudan suna ce mata A'ashabun Nil. Ta riƙa tare jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Kosti da Juba, ta toshe famfunan ban ruwa, ta hana masunta jefa koma. Gwamnati ta yi shekaru tana feshin magani, aka kuma mai da Jabal Auliya shingen hana ta wucewa arewa. Sauƙi na gaske ya samu ne bayan da aka sako wasu ƙwari masu cin ta, a ƙarshen shekarun 1970.

Duk da madatsan, ambaliya ba ta daina zuwa ba. A 1946 mutanen tsibirin Tuti suka tare ruwa da buhunan ƙasa. Suna da tsarin gadi da suke kira taya: kowane rukuni da gaɓar da yake kwana yana tsaro. Sun sake yin haka a 1988, sannan a 2020, shekarar da ruwa ya haura mita 17 da rabi a ma'aunin Khartum, ya wuce duk abin da aka taɓa rubutawa.