Yadda Ake Auna Itatuwa da Ƙiyasta Yawansu a Gandun Daji

Babu ma'aikacin da zai iya ƙirga itatuwan babban daji irin na Falgore ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ake koya wa malaman daji su keɓe ƙananan filaye a cikinsa, su auna abin da ke ciki, sannan su ƙiyasta sauran ta hanyar lissafi.

Idan aka shata fili mai tsawon mita 50 da faɗin mita 20, an sami kashi ɗaya cikin goma na hekta. Alal misali, in an ƙirga itatuwa 30 a cikinsa, za a ce akwai kimanin 300 a hekta guda. Fili ɗaya ba ya isa, sai an maimaita a wurare da dama an ɗauki matsakaici.

Abin da muke ganin ya fi muhimmanci shi ne inda aka kafa filayen. Ana tsayar da su ne tun a kan taswira, ko ta ƙuri'a ko bisa tazara iri ɗaya, kafin a shiga daji. Wanda ya tsaya a bakin hanya don gudun wahala zai tarar masu itacen wuta sun riga shi, lissafinsa ya gaza. Wanda kuma ya zaɓi kurmin bakin rafi zai zuzuta arzikin dajin, a ba da izinin sara fiye da abin da dajin zai iya mayarwa.

A cikin fili ana rubuta sunan kowace bishiya, ko doka ce ko maje ko ƙirya ko marke, a zagaya ta da tef a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirji. Idan aka raba kewayen da 3.14 sai a sami kaurinta daga gefe zuwa gefe: kewayen santimita 94 kauri ne na kusan 30. A gangare, ta gefen tudu ake tsayawa. Wadda ta rabu biyu ƙasa da ƙirji kuwa, kowane reshe awonsa daban. Har kututture ana ƙirgawa, domin shi ke nuna yawan saran da aka yi.

Muna jan hankalin dagatai da masu unguwanni su faɗakar da jama'a cewa turaku da fentin da suke gani a daji alamun awo ne. Bayan wasu shekaru za a koma wurin a sake aunawa, kuma in an tuge su babu abin da za a kwatanta sabon awon da shi.