Masu gyaran kwamfuta da wutar Katsina

Sana'ar gyaran kwamfuta a Agiye da Gazawa da Gidan Rumji 'yar jiya ce. Kafin ta, tafireta ce a ofisoshi, kuma mai gyaran rediyo shi ne gwanin gari. Da kwamfutoci 'yan gwanjo suka fara shigowa daga Maraɗi da Kano, yawancinsu da Windows XP, sai yaran masu rediyon suka koma kansu.

A 2014 Microsoft ya daina kula da XP, a 2020 kuma ya daina kula da Windows 7. Kowane sauyi sai an ɗora sabuwar manhaja a kan tsohon diski, a nan ake gane mai gyara na ƙwarai. Ba ya miƙa maka na'urarka sai ya sa manhajar chkdsk ta bi diskin lungu-lungu, ta ware gurbin da ya lalace. Na ga wani ya kara kunne a jikin akwatin yana sauraron ƙas-ƙas ɗin allura, ya ce da mai ita: "Alhaji, a kwashe takardun nan yau, kada a kai gobe." Ina girmama irin wannan haƙuri.

Babban abokin gābar diski a nan ɗaukewar wuta ce yana tsakiyar rubutu. Layin da ke ba yankin wuta daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. Najeriya ta katse shi a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, bai dawo ba sai a 2024.