Tukunya a Bakin Tasha: Tarihin 'Yan Daudu a Kudancin Katsina

Kafin hanyar Kankara zuwa Sheme ta zama abin tsoro, ranar kasuwa a wannan yanki rana ce ta masu abinci. Dillalan shanu daga Faskari, fataken hatsi daga Sabuwa da Dandume, manoman Ketare, direbobin da suka taso daga Funtua za su Gusau, kowa ya bar gida tun asuba, kuma dole ya ci. Matan aure suna kulle, 'yan mata masu talla kuwa ba sa kai dare. A wannan gurbi ɗan daudu ya girka tukunyarsa: tuwo da miyar taushe, farfesu, waina, soyayyiyar kaza, ga zane a ƙugu, ga baki mai kaifi da ke sa baƙo dariya har ya ƙara malmala.

Asalin al'adar yana da alaƙa da bori. Masana da dama suna danganta sunan da Ɗan Galadima, iskan nan mai ado da kyauta da son caca, wanda ake yi wa laƙabi da Daudu. Kudancin Katsina kuwa ƙasar bori ce ta gaske, domin ƙauyukan Maguzawa sun daɗe a tsakanin Kankara da Malumfashi, inda masanin tarihi Murray Last ya zauna da su a farkon shekarun 1970. A wajen wasan bori, inda garaya da goge ke tashi, 'yan daudu na cikin masu rawa da masu hidima, tare da magajiya da matanta.

Abin da ya mayar da wannan ɗabi'a sana'a shi ne hanya da kuɗi. Da layin dogo ya ratsa Funtua ya kai Kaura Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka jawo 'yan ci-rani da lebura, garuruwa suka cika da maza marasa iyali. Gidajen mata suka yawaita, kuma a nan 'yan daudu suka sami masauki. Renée Pittin, wadda ta yi nazarin irin waɗannan gidaje a birnin Katsina, ta nuna yadda suke sayar da abinci, suna kuma yin kawalci tsakanin mata masu zaman kansu da baƙi. Suna da tsarinsu: babba shi ne uwar ɗaki, ƙanana su ne yaransa, yana koya musu girki, yana ba su jari. A lokacin biki ma sukan yi wa juna gudummawa kamar yadda mata ke yi.

Sai dai cin tuwonsu bai taɓa hana raina su ba. A 1959 M. G. Smith ya bayyana yadda Hausawa ke jera sana'o'i, sarakuna da malamai a sama, mahauta da makaɗa da maroƙa a ƙasa, har wasu gidaje ba sa ba su aure. Daudanci ba gado ba ne kamar fawa ko ƙira, amma mafi yawan masu yin sa 'ya'yan talakawa ne da suka baro ƙauye ba karatu, don haka raini biyu ya haɗu a kansu, na talauci da na kamanni da mata. Idan damina ta yi jinkiri, gidajen mata ake fara kora daga gari, su ma abin ya rutsa da su.

Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano ya kuma fitar da littafi a 2009, ya tarar da yawancinsu suna ɗaukar kansu maza Musulmi: suna salla, wasu sun yi aure sun haifi 'ya'ya, wasu sun sauke farali sun yi shekaru suna sayar da abinci a Jidda. Malamai dai matsayinsu a fili yake cewa namiji ya yi kama da mace haramun ne, kuma 'yan daudu ba su jahilci wannan ba.

Shekarar 2000 ta sauya komai. Bayan Zamfara, Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Agusta, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. Aka rufe gidajen mata, wasan bori ya koma ɓoye, 'yan daudu da yawa suka cire zane ko suka yi ƙaura. A 2007 an kama mutum 18 a Bauchi bisa zargin sa kayan mata. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya. Tun daga nan ko taron neman magani 'yan daudu sai a ɓoye suke yin sa.

A wannan shekarar ce kuma, a watan Afrilu, Kotun Ƙolin Indiya ta amince da haƙƙin irin 'yan daudu na can, waɗanda Turawan mulki suka sa a rajistar masu laifi tun 1871. 'Yan gwagwarmaya daga ƙasƙantaccen rukunin Dalit, irin su Grace Banu ta Tamil Nadu, suka ce hukuncin bai isa ba sai an ware wa 'ya'yan marasa galihu daga cikinsu gurbi, kuma a 2021 Jihar Karnataka ta ware wa irin 'yan daudun can kashi 1 cikin 100 na ayyukan gwamnati. Indiya ba ƙasar Hausa ba ce, amma hujjarsu ta shafe mu: mai kuɗi yana da katangar da zai ɓuya, talaka a bakin tasha yake.

Matsalar 'yan bindiga ta ƙarasa abin da ya rage. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin Kankara, Faskari, Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi, ta kuma rufe hanyar Kankara zuwa Sheme ga motocin haya. Duk mai dogaro da tukunyar kasuwa ya ji jiki, balle wanda ba shi da gona ko dangin da za su karɓe shi.

Wa'azi aikin malamai ne, hukunci na alƙali ne. Ba wanda addini ko doka ta ba izinin jifan ɗan daudu a titi, ko kifar masa da tukunya, ko hana shi magani a asibiti. Hakimai, limamai da shugabannin kasuwa na wannan yanki su faɗa wa matasa haka ƙarara.