Guguwar Jihohi Uku, 1925

Mun saba da guguwar rani wadda takan kwashi ƙura da karan dawa ta wuce. Amma a tsakiyar Amurka akwai wata iri mai saukowa daga hadari tana juyawa, tana tumɓuke itatuwa da gidaje. Bari mu tuna da wadda ta fi duka kisa a tarihin ƙasar.

Ran Laraba, 18 ga watan Maris 1925, wajen ƙarfe 1 na rana, ta sauka a jihar Misuri. Ta haye kogin Misisifi ta ratsa kudancin Ilinoi, sa'an nan ta shiga Indiyana. Cikin sa'a uku da rabi ta ci tafiyar wajen kilomita 350. Mutum 695 suka mutu, fiye da 2,000 suka ji rauni, gidaje kamar 15,000 kuwa suka rushe.

A garin Murphysboro kaɗai mutum 234 suka rasu, gobara kuma ta tashi cikin kufai. A De Soto makaranta ta faɗa wa yara, rai 33 suka salwanta a wurin. A West Frankfort maza suna can ƙarƙashin ƙasa suna haƙar kwal. Da suka fito, sai suka tarar gidajensu sun zama tarkace, mata da yara suna ciki. Ƙauyukan Gorham da Griffin kuwa kusan ba abin da ya rage a tsaye.

Me ya sa hasarar ta yi yawa haka? Gama ba wanda ya yi wa jama'a gargaɗi. A zamanin nan an hana ma'aikatan duba yanayi ambaton irin wannan guguwa cikin sanarwarsu, wai don kada mutane su firgita. Ga shi kuma ta zo da faɗi ƙwarai, kamar baƙin hazo yana birgima a ƙasa, har manoman da suka san alamun hadari ba su gane ta ba.

Sai a 1948 sojojin sama biyu a Oklahoma suka faɗi zuwan guguwa tun ba ta zo ba, ta kuwa zo. A 1952 aka soma sanar da jama'a a fili. Yanzu akwai na'urorin hango hadari, da jiniya, da ɗakunan ɓuya a ƙarƙashin ƙasa.

Mu riƙe wannan: wanda ya ga hatsari ya yi shiru don gudun ta da hankali, bai taimaki maƙwabcinsa ba.