Ɗalibin Kabiliya Tsakanin Masallaci da Harshen Uwa

A ranar 10 ga Maris 1980 hukumomin Aljeriya suka hana marubuci Mouloud Mammeri gabatar da lacca a jami'ar Tizi Ouzou kan tsofaffin waƙoƙin Kabilawa. Ɗalibai suka fantsama kan titi, ranar 20 ga Afrilu kuma jami'an tsaro suka kutsa cikin jami'ar. A Nuwamban 1982 wasu ɗalibai masu kishin Islama suka kashe Kamal Amzal, ɗalibi mai fafutukar Amazik, wato Barbar, al'ummar da Kabilawa ke cikinta, a masaukin Ben Aknoun. Gwamnati ta ƙi harshensa, masu da'awar addini sun zubar da jininsa: da wannan gado matashin Barbar yake shiga jami'a a yau.

Sai ya waiwaya baya. Wani ya tara gemu, ya ɗage wando, ya ce bikin Yennayer, sabuwar shekarar Amazik, bidi'a ne, harshen kakarsa kuwa ba ya kai kowa Aljanna. Ɗan ajinsa ya tsallake ƙarni goma sha huɗu, ya rataya hoton sarakunan Barbar na dā, sarki Massinissa da sarauniya Kahina, ya ɗauki Musulunci a matsayin mamayar Larabawa. A Agustan 2013 ɗaruruwan mutane suka ci abinci tsakar rana a Tizi Ouzou cikin Ramadan. Bayan 'yan kwanaki wasu suka taru a wurin suka yi buɗa-baki da salla. Kowanne na ganin ɗan'uwansa ya ɓata.

Abin da maƙalar nan ke cewa shi ne su biyun hujja ɗaya suke riƙe da ita: wai ba a zama cikakken Musulmi kuma cikakken Ba'amazike. Hujjar kuwa ta aro ce. Faransawa suka shuka ta da ƙagen cewa Musuluncin Bakabile na fatar baki ne, kuma dokar Barbar ta 1930 a Maroko ta nemi raba ƙabilu da kotunan Shari'a. Bayan samun 'yanci a 1962 shugabannin Aljeriya suka karɓi ƙagen a juye, suka ɗaure addini da Larabci.

Tarihi bai goyi bayan kowannensu ba. Ibn Ajurrum, wanda almajiran zaure a Kano da Zariya ke haddace nahawunsa, Basanhaje ne, wato ɗan wata ƙabilar Barbar. Ibn Mu'uɗi, da ya riga Ibn Malik tsara Alfiyya, daga Zawawa ya fito, wato Kabiliya. Muhammad Awzal ya waƙe fikihun Malikiyya da Tashelhit, ɗaya daga harsunan Barbar, cikin baƙaƙen Larabci, kamar ajaminmu. Boren da Kabilawa suka yi wa Faransawa a 1871 ma Shehu El Haddad na ɗariƙar Rahmaniyya ne ya kira shi jihadi.

Duk da haka ba a ga laifin fushin ɗalibin da ke kare harshensa ba. A Afrilun 2001 aka harbe Massinissa Guermah, ɗan sakandare, a ofishin jandarma na Beni Douala, aka kashe fiye da mutum 120 a tarzomar da ta biyo baya. Tamazight, harshen Amazik, ta zama harshen ƙasa a 2002, na hukuma a 2016, duk bayan jini ya zuba. Maroko ta zaɓi baƙaƙen Tifinagh na Amazik tun 2003, amma a Aljeriya har yanzu ana jayayya kan Tifinagh, boko ko baƙaƙen Larabci, kuma kowane ɓangare na auna imanin abokin jayayyarsa da baƙin da ya zaɓa.