Labarin Moszkowski da Kiɗansa da Aka Manta

A ƙasashen Turai akwai wani irin kiɗa da su ke kira kwancato, watau mutum guda yana kaɗa piyano ko wani abin kiɗa, taron makaɗa kuwa suna amsa masa da goge da sarewa da ƙaho.

Cikin gwanayen tsara shi akwai Moritz Moszkowski, wanda aka haifa a Bireslau, ƙasar Jamus ta wancan zamani, cikin 1854. Ya gama babban kwancatonsa cikin 1898, sunansa ya kai ko'ina, ya sami dukiya. Sai ya zuba ta cikin takardun rance na Jamus da Rasha. Da Yaƙin Duniya na Farko ya zo, takardun nan suka zama banza. Cikin 1921 abokan sana'arsa suka yi taron kiɗa a Niyu Yok don su tara masa gudummawa. Ya rasu a Faris cikin 1925, hannunsa babu kome.

Bayansa matasa suka juya ga sabon salo, aka daina kaɗa nasa. Takardar kiɗa kuwa ba ta da murya sai an sami mai kaɗawa. Faifai ne ya cece shi. Michael Ponti ya ɗauki kwancaton nan wa kamfanin Vox, sa'an nan cikin 1991 kamfanin Hyperion na Ingila ya buɗe jerin fayafayen kwancato da aka manta, ya fara da nasa da na Paderewski, Piers Lane ne ya kaɗa. Yau duk mai so yana iya jinsa.