Takardu Biyu a Tagar Mota: Tarihin Ƙarin Kuɗin Dila a Amurka

A watan Fabrairun 1989, a bikin baje kolin motoci na birnin Chicago, kamfanin Mazda na Japan ya yaye lulluɓin wata 'yar ƙaramar motar ƙawa mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta a bar samanta buɗe. Sunanta Miata. Ba ta da wani ƙarfi na a-zo-a-gani, domin injinta lita 1.6 ne kacal, amma ta zo a kan gaɓa. Tun farkon shekarun 1980 kamfanonin Ingila irin su MG da Triumph suka daina ƙera ire-irenta, masu sha'awarsu kuwa suka yi ta zaman jiran tsammani. Farashin da Mazda ya sanar shi ne dala 13,800. Da motar ta isa shagunan diloli bayan 'yan watanni, sai masu saye suka tarar da takardu biyu manne a tagarta. Ta farko ta kamfani ce, tana ɗauke da farashin da aka sanar. Ta biyu, 'yar ƙarama a gefenta, ta dila ce, kuma a kanta aka rubuta ƙarin dubban daloli wanda babu ko kusa ɗaya da aka ƙara wa motar saboda shi.

Mutane sun yi ta ƙorafi, jaridu sun yi ta rubutu, amma babu dilan da ya karya doka. Dalilin haka yana cikin tarihin takardar farko, da kuma tarihin dangantakar da ke tsakanin mai ƙera mota da mai sayar da ita, wadda ta girmi Miata da kusan shekara tamanin.

A Amurka, kamfanin mota ba shi ne ke sayar wa jama'a mota ba. Tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Detroit suka gane cewa ba su da jarin da za su buɗe shago a kowane gari, don haka suka nemi 'yan kasuwa masu zaman kansu su ɗauki wannan nauyi. Dila shi zai gina shagonsa, ya ɗauki makanikai, ya sayi motoci daga kamfani da kuɗinsa ko da bashin banki. Daga ranar da aka sauke masa mota ta zama dukiyarsa, riba tasa, asara tasa. A shekarun farko asarar ta fi yawa a wuyansa. Lokacin da tattalin arziki ya karye a 1920 zuwa 1921, Henry Ford na fama da bashin da ya ci ya sayi hannun jarin abokan kasuwancinsa. Maimakon ya sake zuwa wurin bankuna, sai ya tura wa dilolinsa dubban motocin da ba su nema ba, ya ce a biya nan take ko a rasa wakilcin Ford. Diloli suka ruga bankunan garuruwansu suka ciyo bashin da ya fitar da Ford daga ƙangi.

Ba su manta ba. Dilan mota a ƙaramin garin Amurka babban mutum ne: yana ɗaukar ma'aikata, yana ba jaridar gari talla, yana taimaka wa 'yan takara. Da wannan ƙarfi suka shiga majalisun jihohi, sannu a hankali suka samu dokokin da suka hana kamfani ƙwace wakilci ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, suka hana shi dasa wani dila kusa da tsohon, suka kuma hana shi buɗe shagon kansa ya yi gogayya da su. A 1956 majalisar tarayya ma ta ba su damar kai kamfani kotu idan ya zalunce su. An yi waɗannan dokoki ne don kare ƙaramin ɗan kasuwa daga ƙaton kamfani, kuma a zamaninsu akwai hujja. Ba a yi su da mai saye a zuciya ba.

Mai saye ya fara ɗanɗana kuɗarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Fabrairun 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula, masana'antu suka koma yin tankoki da jiragen yaƙi, ba a dawo ba sai 1945. Sojoji suka komo gida da kuɗin ajiya, kowa na son mota, motar kuwa babu. Gwamnati ta ƙayyade farashi har zuwa ƙarshen 1946, bayan nan kamfanoni da kansu suka ƙi ɗaga shi yadda kasuwa ke nema, don gudun baƙin jini. Abin da ya biyo baya ba zai ba wanda ya taɓa ganin layin mai a gidan mai da 'yan bumburutu a bakin titi mamaki ba. Ana ba dila na goro a ɓoye don a matsa gaba a jerin masu jira. Ana tilasta wa mutum sayen rediyo da murfin kujeru da fitilun da bai nema ba. Ana karɓar tsohuwar motarsa a wulaƙance. Wasu motocin ana ɗan zagaya gari da su, a kai su filin tsofaffin motoci, a sayar da su sama da farashin sabuwa.

Zuwa 1953 reshe ya juye da mujiya. Ford da Chevrolet suka shiga tseren neman zama na ɗaya, suka cika diloli da motocin da suka fi ƙarfin kasuwa. A nan ne aka ƙirƙiro dabarar da ta haifi dokar takarda. Tunda mai saye ba shi da hanyar sanin ainihin farashin kamfani, sai dila ya kumbura shi da ɗaruruwan daloli, sannan ya nuna karamci: ya yi wa mutum ragi mai tsoka, ko ya yi wa tsohuwar motarsa tayin da ya wuce ƙimarta. Mutum ya tafi gida yana murnar ya ci riba, alhali da kuɗinsa aka yi masa kyauta. Har diloli masu gaskiya suka koka, domin wanda ya faɗi farashi na haƙiƙa sai ya zama kamar shi ne marowaci.

Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma ya jagoranci ƙaramin kwamitin majalisar dattawa da ya binciki lamarin, kuma a watan Yulin 1958 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta fito daga binciken. Ta wajabta wa kowane kamfani ya manna takarda a tagar kowace sabuwar mota, mai nuna farashin motar, farashin kowane ƙarin kaya, da kuɗin jigila, kuma ta sa tara a kan duk wanda ya cire ta ko ya sauya ta kafin mota ta isa hannun mai saye. Har yau da sunan Monroney ake kiran takardar. Sai dai akwai kalma ɗaya a cikin dokar wadda ta ɗauke nauyin komai: farashin da ke jiki na shawara ne, wanda kamfani ke ba dila. Dokar ta tilasta a bayyana shi, ba ta tilasta a bi shi ba. Ba ta kuma ce komai ba game da wata takarda da dila zai manna a gefe.

Wannan ba sakaci ba ne. Dokokin Amurka na hana babakere sun daɗe suna kallon duk yarjejeniyar ƙayyade farashi tsakanin mai ƙira da mai sayarwa da idon zargi. A 1911 Kotun Ƙoli ta haramta wa kamfani ya gindaya wa ɗan kasuwa farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba. A 1968, a wata shari'a tsakanin jaridar birnin St. Louis da mai rarraba ta, kotun ta haramta har gindaya farashin da ba za a haura ba. Ke nan a 1989, da Mazda ya sa dilolinsa sun rattaba hannu cewa ba za su wuce dala 13,800 ba, da shi ne zai tsinci kansa a gaban alƙali. Sai a 1997 kotun ta sassauta wannan hukunci, amma kafin nan dokokin jihohi sun riga sun ɗaure hannun kamfanoni tamau.

A mafi yawan shekaru takardar Monroney ta yi aikinta, har ta zama rufin da ciniki ke farawa daga shi ya yi ƙasa. Takan zama daɓe ne kawai idan mota ta yi ƙaranci, kuma motar ƙawa ta fi kowace saurin faɗawa wannan hali. Ana ƙera ta kaɗan, masu sonta kuwa ba buƙata ce ke kai su ba, sha'awa ce, kuma rabin daɗinta shi ne a riga kowa hawa. Datsun 240Z da ta shigo a 1970 a kan dala 3,526 ta sha irin wannan ƙari shekara goma sha tara kafin Miata.

Abin tambaya shi ne me ya hana kamfani ya ɗaga farashin da kansa ya kwashe ribar. Amsar ita ce farashin takarda talla ne. Lokacin da Chevrolet ya sanar da Corvette ta 2020, ta farko mai inji a tsakiya, a kan dala 59,995, wannan adadi shi ne ya zama kanun labarai, kuma shi aka yi ta kwatantawa da farashin Ferrari. Mota tana yin shekaru a kasuwa, zazzaɓin sonta kuwa na 'yan watanni ne. Kamfanin da ya tsuga farashi a watan farko zai sha kunyar rage shi a shekara ta biyu. Ya fi masa sauƙi ya bar dila ya ɗauki ribar ɗan lokaci haɗe da baƙin jininta. Saboda haka kukan da kamfanoni kan yi game da ƙarin kuɗi akwai gaskiya a ciki, amma ba dukansa ba ne.

Giɓin da ke tsakanin farashin takarda da abin da mutane ke shirye su biya ba ya ɓacewa. Wani aljihu yake nema. Shekarun 1980 sun nuna inda yakan iya faɗawa. A 1981, bisa matsin lambar Washington, Japan ta amince ta taƙaita motocin da take aikawa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara. Motocin Honda suka zama kamar zinariya, kowace ɗaya da dila ya samu ribarta tabbas ce, har da ƙari. Nan take wanda ke raba motoci tsakanin diloli ya zama mai iko. A 1994 masu gabatar da ƙara na tarayya a jihar New Hampshire suka bankaɗo cewa wasu manyan jami'an sashen sayarwa na reshen Honda a Amurka sun shafe shekaru suna karɓar miliyoyin daloli, da tsadaddun agogo da sauran kyaututtuka, daga dilolin da ke neman kaso mai yawa ko sabon wakilci. An ɗaure wasu daga cikinsu. Dilolin da aka hana motoci saboda ba su bayar ba suka kai ƙara, kamfanin ya sasanta da su a kan sama da dala miliyan 300. Wani ɓangare na kuɗin da mai saye ya ƙara a shago ya bi ta ƙarƙashin tebur ya koma sama.

An gwada hanyoyin toshe giɓin. General Motors ya fito da Saturn a 1990 da tsarin farashi ɗaya babu tayi. Masu saye sun so shi, amma Saturn ya rufe a 2010. Ford kuwa, da zai sayar da motarsa ta alfarma GT ta 2017 mai kusan dala 450,000, sai ya ce a rubuto takardar nema, ya zaɓi waɗanda ya ga dama, ya sa suka yi alkawarin ba za su sayar ba sai bayan shekara biyu. Ɗan kokawa John Cena ya sayar da tasa cikin 'yan makonni, Ford ya maka shi a kotu, suka sasanta a 2018. An rufe wa dila ƙofa, ribar ta leƙo ta tagar mai saye na farko.

Sannan annobar korona ta zo, aka shiga ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ke sarrafa motocin zamani, abin da a da ke samun motar ƙawa kaɗai ya game kasuwa duka. A Janairun 2022 kamfanin Edmunds mai bin diddigin cinikin motoci ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na masu sayen sabuwar mota sun biya fiye da farashin takarda. Shugaban Ford, Jim Farley, ya shaida wa masu hannun jari cewa kusan kashi 10 cikin ɗari na dilolinsa na cajin sama da farashi, ya yi gargaɗin rage musu kaso. General Motors ya aika wa nasa dilolin irin wannan wasiƙa, daga baya ya sanar cewa wani ɓangare na garantin Corvette Z06 ba zai bi ta ba idan mai ita ya sayar da ita da wuri. Makamin da ya rage wa kamfanoni ke nan bayan shekara ɗari: ba za su iya faɗa wa dila nawa zai sayar ba, sai dai su hana shi abin sayarwa.

Daga cikin kamfanonin da suka tsallake wannan rikici akwai Tesla, wanda bai taɓa naɗa diloli ba, ya kuma kwashe shekaru yana shari'a jiha bayan jiha don a bar shi ya sayar da kansa. A shafinsa na intanet babu takarda ta biyu. Sai dai a 2021 da 2022 ya ɗaga farashin motocinsa sau da dama, wato ya zuba ƙarin a cikin takardar farko ya riƙe shi a gida. Da kasuwa ta huce, a Janairun 2023 ya zabge farashin Model Y a Amurka daga dala 65,990 zuwa 52,990 cikin dare ɗaya. A Sin, inda aka yi irin wannan ragi kwanaki kaɗan kafin nan, waɗanda suka sayi motocinsu a watannin baya suka yi dafifi a shagunan kamfanin suna neman a mayar musu da bambancin.